Ina son koyon aikin fata a ɗaki, amma maƙwabta sun ce bugun ya ishe su

Ɗan_Bukoki: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu aikin fata da ke cikinmu. Ni ba baduku ba ne, ba kuma ɗan dukawa ba, aikin buro nake yi a nan Yamai. Sha'awa ce ta kama ni tun da na fara kallon bidiyon Turawan nan masu buga zanen furanni a jikin fata da guduma da ƙananan ƙarafa. Wani abokina da ya dawo daga tafiya ya kawo mini ƙarafan, ni kuma na sayi jar fatar akuya na fara gwaji a kan teburin ɗakina. Matsala biyu ce. Gidan haya nake, ɗakuna a jere, bango ɗaya ya raba ni da wani bawan Allah mai jariri, kuma ba ni da lokaci sai bayan isha'i. Shekaranjiya mai gidan ya yi mini magana cikin mutunci, amma na gane saura ƙiris a ce in nemi wani wuri. Ta biyu, zanen ba ya zama. In na buga a hankali ba ya fitowa, in na ƙara ƙarfi sai ƙarfen ya huda fatar. Akwai yadda ake wannan aiki ba tare da an ta da gida ba? Kuma mai farawa da me ya kamata ya fara?

MaiShayi_Talaje: Wa alaikumus salam. Ka daidaita bugunka da lokacin daka, shi ke nan. Ba a taɓa korar kowa daga gidan haya saboda ƙarar turmi ba 😂

Ɗan_Bukoki: Gidanmu duk inji suke kai niƙa, malam. Kuma ko suna daka, lokacin ina wurin aiki.

Injiniya227: Ɗan'uwa, ba gudumar ce ke hana maƙwabcinka barci ba, teburin ne. Tebur mai siririn katako da fili a ƙarƙashinsa ganga ne, kai kuma ka zama makaɗi. In kuma yana jingine da bango, girgizar na shiga siminti ta ɓulla ɗakin da ke kusa, har shi can ya fi ka jin ta. Ka sauko ƙasa. Ka je Katako wajen masu kayan gini ka nemi gutsuren marmara ko giranit, irin ragowar da ke saura in an gama aikin kicin ko matakala. Faɗin taƙi ɗaya da rabi ya ishe ka, amma ya yi kauri, santimita 3 ko fiye, in ka sami 5 ya fi. Karon daɓen ɗaki ba zai yi ba, bugu kaɗan zai tsage. A ƙarƙashin dutsen ka sa abin da zai shanye girgiza, buhun yashi da ba a cika shi tam ba, ko robar cikin taya ninki biyu. Dutse mai nauyi ba ya motsi, don haka duk ƙarfin bugun cikin fata yake tafiya, sai ka ga taɓawa kaɗan ta yi abin da kake wahala a kai a kan tebur. Sannan ka ajiye gudumar ƙarfe. Ƙarfe a kan ƙarfe shi ke ba da ƙarar nan mai kaifi da ke ratsa bango, kuma yana baje kawunan ƙarafanka. Nemi ta itace mai nauyi ko ta roba mai tauri.

Maman_Biyu: Ba sai ka saya ba ma. In akwai tsohuwar taɓarya da ta tsage a gidanku, a yanke maka kanta, tsawon taƙi guda. Ta ƙirya ta fi, nauyi gare ta kuma ba ta saurin cinyewa.

Baduku_Adar: Yaro, bari in hwaɗa maka gaskiya. Ko duwatsun Adar duka ka jawo ɗakinka, zanen nan ba shi zama bisa hwatad da ka saye. Hwatar akuya ba ta da kabri, mili guda ta, wata ma ba ta kai ba. To cikin mi ƙarhe za shi nutsa? Waɗanga da kaka gani cikin bidiyo ƙirgi suka bugu, hwatas sa mai mili 3 ko 4, wadda ba a rina ba, ba a cika ta da mai ba. Kai ka ɗauko jar hwata da anka gama rini anka goge, kana neman ta yi aikin da ba nata ba.

Kuma wa ya ce maka ado sai da guduma? Mu nan Tawa da wuƙa da basilla munka tashi. Ka shimhiɗa jar hwata, ka ja zane da bakin wuƙa sama-sama, kada ta ratsa, sannan ka sa tsini ka ɗaga bayan hwatar tsakanin layi biyu ka ɓare shi, sai hari ya hito cikin ja. Wanga ado ɗaya ke nan. Na biyu, ka yanka hwata gida-gida ka sa wata mai launi daban ƙarƙashi, kore ko rawaya, ta riƙa leƙowa. Na uku ɗinki da siririn zaren hwata, sama da ƙasa. Na huɗu zanen baƙi da kuloko, baƙin rininmu na dukawa. Layi kuwa da ƙaho ko ƙashi aka jan shi, dannawa ɗai ce. Ubana zaure shika aiki, baƙo na kwance kusa gare shi yana barcin rana, bai taɓa tashi ba. Muna bugu, ban ce ba mu yi ba, amma shi na ƙaramin aiki cikin sana'ag ga.

Injiniya227: Baba, Allah ya ƙara girma, amma abin da ya ba shi sha'awa shi ya tambaya. Mutum ya ce yana son zanen da ke tasowa a jikin fata, ba za a ce masa ya bari ba.

Baduku_Adar: Ban ce shi bari ba, na ce shi san hwata tukuna.

Ƴar_Wadata: Dukanku kuna da gaskiya, amma akwai abin da ba wanda ya tambaye shi. Ɗan_Bukoki, kana jiƙa fatar kafin ka buga?

Ɗan_Bukoki: A'a yaya, a bushe nake bugawa. Ina tsoron ruwa ya ɓata ta.

Ƴar_Wadata: To a nan take. Na yi horo a cibiyar koyar da sana'ar fata ta nan Yamai, CMCAN, kuma wannan yana cikin abin da ake fara nuna wa mutum. Busasshiyar fata ba ta karɓar zane, sai dai ka yi ta narka mata guduma a banza, ga ƙara ga asara. Ka sami soso mai tsabta ka shafa ruwa a bayanta da cikinta, ba sharkaf ba. Sa ta a leda ka ƙulle na kamar rabin awa don damshin ya ratsa ko'ina. In ka fito da ita ka jira launinta ya kusa komawa yadda yake da, amma in ka kara ta a kumatunka ka ji sanyi. Wannan shi ne lokacin. Alamar ka dace ita ce wurin da ƙarfe ya taka zai yi duhu kaɗan yana sheƙi. In ta jiƙe da yawa zanen zai cuɗe ya koma, in ta bushe da yawa ba zai shiga ba. Kuma ka san garinmu, a watan Afrilu da zafi ke wuce maki 40, ko da hunturu, kafin ka gama kusurwa ɗaya ɗayar ta ƙame. Ka rufe inda ba ka kai ba da leda, ka ajiye soso kusa.

Abu na biyu, ba kowace fata ke yin wannan ba. Sai wadda aka jeme da itatuwa, kamar tamu ta bagaruwa. Yawancin fatar da ke cikin jaka da takalman kanti a duniya yau da sinadarin kurom aka jeme ta, hanyar da aka gano tun 1858, kuma ita ko ka jiƙa ta zane ba ya zama, tana tasowa ta koma. Gwajin mai sauƙi ne. Ka yanki gefenta ka duba tsakiya: in ka ga launin toka mai ɗan shuɗi, ta kurom ce. Ta bagaruwa kalar ƙasa take har ciki. Ko ka ɗiga mata ruwa ka danna da farce, in ta sha ruwan kuma sawun farcen ya zauna, za ta yi.

Malamin_Lakol: Wannan bayani ya fi duk bidiyon da na kalla. Na ajiye shi.

Majemi_Gamkale: Tunda an zo kan jima bari in sa baki. Duk mai son farawa ya zo majema da ƙafarsa ko sau ɗaya ne, nan bakin kogi, gangaren Gamkale. Warin zai tarbe ka tun daga nesa, ka daure. In ka ga yadda ake jiƙa fata a ruwan toka gashi ya saki, a kankare ta a kan itace, a sa ta a abin da zai tausasa ta, sannan ta kwanta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa ana murza ta ana juyawa, ba za ka ƙara sayen fata da ka ba. Ga abin da za ka duba. Ɗaga ta ka kara da rana. Duk inda haske ya fi ratsawa, wuƙar mai fiɗa ce ta ci wurin, kuma nan za ta yage. Duba tabon kaska da na ƙazuwa da na lalas. Roƙi a yanka maka gefen wuya, inda ta fi kauri. In ka ga siririn layi fari ko mai ƙyalli a tsakiya, bagaruwa ba ta kai ciki ba. Irin wannan tana ƙandarewa, in damina ta zo kuma ta cika maka ɗaki da ɗoyi, ka ga ka ƙara wa maƙwabta wani abin ƙorafi. Kuma ka faɗa wa majemi aikin da za ka yi. Ka ce kana son wadda ba a rina ba, mai kaɗan. In ba ka faɗa ba wadda dukawa suka saba ɗauka za a miƙa maka.

Ƙirgi mai kyau kam yana wuya yanzu. Ɗanyar fatar shanu tun a mayanka ake sayen ta a tsallaka da ita Najeriya a yi ganda, masu ci sun fi mu taya ta. In ba ka samu ba, nemi fatar babban bunsuru ka yi aiki da wajen wuya da gadon baya, za ta ɗauki zane mara zurfi.

Bamaraɗe_Asali: Kada a manta, jar akuyar Maraɗi ce uwar fata. Ita ce tun zamanin ayari ake ɗauka a ratsa Sahara, Turawa su saye ta a Maroko su sa mata sunan Maroko, su rufe littattafansu masu tsada da ita. Muna da zinariya a hannu muna kallon bidiyon wasu.

Ɗan_Konni: Sakkwatawa za su ce tasu ce, jar akuyar Sakkwato.

Bamaraɗe_Asali: Akuya ɗaya ce, ba ta san iyaka ba. Amma cibiyar kiwonta a Maraɗi take, je ka gani.

Alhaji_Yantala: Ni tambayata daban ce, kuma a yi mini afuwa. Ma'aikaci da albashinsa me ya kai shi dukanci? Kowa da gidansu. A da in ba gadonka ba ne ba ka taɓa basilla, kuma akwai gidajen da har yau ba sa haɗa aure da masu wannan sana'a. Ban ce daidai ne ba, amma haka muka tarar. Ina gudun ranar da zai je neman aure a ce ai baduku ne.

Ƴar_Wadata: Alhaji, da girmanka, takalmin da ke ƙafarka da gafakar Alƙur'aninka wa ya ɗinka? Ana son kayan ana ƙyamar mai yi. Ka zo lokacin SAFEM, baje kolin sana'o'in hannu na mata, ka ga mata daga ƙasashe daban-daban da kayan fata, wasunsu da digirinsu.

Tinariwen_Abzin: A wajenmu Buzaye ma akwai wannan rabo, sai dai mata ke aikin fata, matan gidan maƙera. Mijin na ƙira, matar na ɗinka jakar raƙumi da matashi da alabe mai tuntaye. Kuma ku lura, a cikin bukka ake yi, yara na barci a gefe. Kayan aikinta duka ƙunshi ɗaya ne: wuƙa, basilla, ɗan katakon da take yanka a kai. Wannan na ƙarfafa maganar Baduku_Adar.

Baduku_Adar: Alhaji, ɗiyanmu da sunka gada ba su so, sun tahi bin kabu-kabu da bariki. In wanda bai gada ba ya zaka da sha'awa, mu murna muka yi.

Alhaji_Yantala: To Allah ya taimaka. Na faɗi nawa.

Gobir_Ta_Bawa: Ku tsaya, ba a tambayi abu mai muhimmanci ba. Maƙwabcin nan wane ne? In Bazabarme ne ka ci gaba da bugunka har asuba, ka ce ubangidansa Bagobiri ne ya ba ka izini.

Zarmaganda_Boy: Ji bawana yana ba da izini a garin iyayen gidansa. Ɗan_Bukoki, in ka iya ɗinki ka fara da tsumagiya, akwai Bagobirin da ke buƙatarta.

Malam_Na_Zongo: Raha a gefe, haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne, balle mai jego da jariri. Ka same shi ku yi magana, ka tambaye shi lokacin da ba zai dame su ba. Sau da yawa ba ƙarar ce ke ɓata rai ba, rashin a tambaye ka ne.

Injiniya227: Mu koma kan bugu. Akwai hanyar da ba guduma ko kaɗan: matsi. Ƙarfe ba ya bukatar a buge shi, nauyi yake so. In kana da matsar nan ta kafintoci mai murɗawa, ka sa fata tsakanin ƙarfen zane da guntun katako mai tauri ka murɗa. Ga babban tambari, kamar suna ko alama, mai walda zai haɗa maka ƙaramin gida na ƙarfe ka sa abin ɗaga mota a ciki, kirik ɗin nan mai mai. Ƙaramin cikinsu na ɗaga tan 2, ya wuce abin da fata ke so nesa ba kusa ba, don haka a hankali, in ka zarce zai yanke ta. Ni da shi nake buga harufa a ɗamara, ba a jin komai sai numfashina.

Ƴar_Wadata: Ga tambari ɗaya ya yi. Amma cike bayan fure da ƙaramin ƙarfe, inda za ka taka wuri ɗaya-ɗaya har ka gaji da ƙirga? Kafin ka murɗa ka warware, fata ta bushe, gari ya waye. Abin da ya fi shi ne ka ja layin da wuƙa zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin fatar, sannan ka bi gefen yankan da bayan ƙaramin cokali ko gogaggen ƙaho kana dannawa kana ja. Gefe ɗaya zai kwanta, zanen ya taso. Ba ya kai na guduma zurfi, amma a ido ya fi laushi, kuma a kan fatar bunsuru ma yana fitowa.

Injiniya227: Na yarda da wannan. Amma ina nan kan bakana, dutse da yashi za su rage ƙarar har ta zama ba abin magana ba.

Mai_Bene_Plato: Ya danganta da ginin. Ni a bene nake, na sa dutse na sa roba, na ƙasa ya ce har yanzu yana jin dum-dum a kansa. Sai da na ɗora dutsen a cinyata a kan matashi sannan aka zauna lafiya, ƙafa kuma ta riƙa sagewa. Ɗan_Bukoki da yake ba a bene yake ba wataƙila ya fi ni sa'a.

Ɗan_Bukoki: Na gode ƙwarai, ina bin komai. Wata tambaya. Jiya na gwada jiƙawar da yaya Ƴar_Wadata ta ce, a kan wani guntun da ba a rina ba, kuma lallai zanen ya zauna. Sai dai da safe na ga ɗige-ɗige baƙaƙe a inda na ajiye almakashi a kanta. Sun ƙi goguwa. Fumfuna ce?

Majemi_Gamkale: Ba fumfuna ba ce, ƙarfe ne. Duk fatar da ta sha bagaruwa, in tana da damshi ta haɗu da baƙin ƙarfe, baƙi take yi. Ko garin da ke zuba in ka wasa wuƙa ya faɗa mata, sai ka ga ɗigo. Wanke hannu bayan washi, kada ka ajiye ƙusa ko almakashi a kanta. Ruwan lemun tsami na rage shi in ka yi sauri.

Baduku_Adar: To ka yi kuloko ba ka sani ba. Shi ke nan sirrinshi. Guntayen ƙarhe ko kashin maƙera aka jiƙawa cikin ruwa mai tsami a bar shi shi kwana biyu, sannan a tsoma tsinke a yi zane. Sanda kaka ja ba ka ganin komi sai jiƙa, jim kaɗan shi rikiɗe baƙi ƙirin, kuma ba shi hita don ba bisa yake ba, cikin hwata yake. Ja kuwa karan dahi na da ruwan kanwa, rawaya gangamau. Yanzu yara garin rini na kanti suka saye, ya hi sauri, amma rana na cinye shi.

Ƴar_Wadata: Shi ya sa in za ka ba maƙeri ya yi maka ƙarafan zane, ka ce na farin ƙarfe mara tsatsa ko na gaci. Maƙeran azurfa da ke cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata da na gidan tarihi na Bubu Hama da irin waɗannan ƙananan ƙarafa suke ƙawata kayansu, sun san yadda ake fiƙe su. Uku ko huɗu sun ishe ka, ɗigo, kusurwa, da ɗan baka. Zanenmu na gida ai maimaici ne, ba ya son tarin kaya.

Sabon_Shiga: Ni ma ina bin ku a ɓoye. Ni ƙarar da ke damuna ta huda ramukan ɗinki ce. A bidiyo wani ƙarfe mai haƙora suke bugawa.

Tinariwen_Abzin: Basilla. Ka sa alamar ramuka da cokali mai yatsu, tazarar mili 3 zuwa 4, ka ɗora fatar a kan tsohon tapet, ka soka da hannu. In basillar na da kaifi ba ka bukatar ƙarfi. Ka riƙa caka bakinta a kakin zuma.

Ƴar_Wadata: Kuma ka ɗinka da allura biyu a zare ɗaya, kowace ta shiga ramin daga ɓangarenta. Ko zare ya tsinke a wuri ɗaya sauran ba ya warwarewa, ba kamar na keke ba. Zaren lailan na masu gyaran takalma ya yi, ka murza shi da kakin zuma, ƙarshensa ka taɓa da wuta. Gefen fata kuma ka jiƙa shi da ruwan ƙaro ka goge da guntun itace mai santsi har ya yi ƙyalli. Duk waɗannan ba mai jin motsinka. Abin da zan ja kunne a kai shi ne kol ɗin masu takalma, kada ka buɗe shi a rufaffen ɗaki da dare, warinsa na juya kai. A waje, ko bakin taga.

Maman_Biyu: Don koyon ɗinki ba sai an sayi sabuwar fata ba. Tsofaffin jakunkuna na bosho suna da arha, ka farke ka yi ta gwaji.

Malam_Na_Zongo: A kula dai. Kayan waje ana yawan yi musu shafi na ciki da fatar alade. Ana gane ta, ƙofofin gashinta uku-uku suke a tare, kamar an ɗiga da allura. Kada mutum ya je ya ɗinka gidan Alƙur'ani da ita bai sani ba.

Maman_Biyu: Subhanallahi, ban taɓa lura ba. Bari in je in duba nawa.

Malamin_Lakol: Me zai fara ɗinkawa? Ba wanda ya amsa wannan.

Baduku_Adar: Kuben wuƙa. Yanka ɗaya, ɗinki ɗaya, in ya karkace wuƙa ba ta ƙara. Bayan shi alabe. Kada shi taɓa balka ko tim-tim yanzu, hwata za shi ɓata.

Injiniya227: Ni na ce maɗaurin makulli ko gidan katin ɗan ƙasa, abin da zai riƙa gani a aljihunsa kullum. Kube wa ke yawo da shi a Yamai?

MaiShayi_Talaje: Jira Babbar Salla ka gani, kowa da wuƙarsa a ƙugu. Kuma lokacin fatun layya ke zube a kowace unguwa, sai ya tara abinsa.

Majemi_Gamkale: Ɗanyar fata ba ta mai koyo ba ce, balle a gidan haya. In ba a sa mata gishiri ko an shanya ta a inuwa a ranar ba, kafin gobe ta fara sakin gashi, ta lalace. Kuma yawancinsu na raguna ne. Fatar rago sakwa-sakwa take, ba ta da ƙarfin ta akuya, ta fi kyau da buzu ko shafin ciki. In yana so ya kawo mana a jeme masa.

Ɗan_Bukoki: Ga inda nake. Na sami dutse a Katako, na ɗora shi a kan rabin buhun yashi a tsakiyar ɗaki, nesa da bango, an kuma yanke mini kan taɓarya. Na bi shawarar Malam na sami maƙwabcin, har na ce ya shiga ɗakinsa ya saurara ina bugawa. Ya ce ƙarar mai kaifi ta tafi, amma in dare ya yi tsit yana jin wani abu daga ƙasa. Mun shirya a kan bugu sai Asabar da Lahadi da hantsi. Sauran darare yanka da ɗinki nake yi, na kuma fara gwada ɓare jar fatar da Baba ya kwatanta. Wuƙar na yawan zarcewa, Baba, yaya ake riƙe ta?

Baduku_Adar: Kusa ga baki, awa alƙalami, ɗan yatsanka na ƙarshe bisa hwata shina tokare hannu. Ba ƙarhi ba, kaihi. Wasa ta har ta aske gashin hannu, sannan ka goga ta bisa cikin tsohuwar hwata. In kana dannawa, wuƙar ba ta yi ba.

Injiniya227: Abin da yake ji daga ƙasa, ƙara roba tsakanin buhun da siminti. Ko ka gwada matsin da na ce, ka daina jiran Asabar.

Ƴar_Wadata: Injiniya ba zai huta ba sai kowa ya sayi kirik 😄 Ɗan_Bukoki, in ka gama zane ka bar ta ta bushe a inuwa, sannan ka shafa mai kaɗan da tsumma. Kaɗan fa, in ya yi yawa zanen zai kwanta.

Sabon_Shiga: Wane mai?

Majemi_Gamkale: Mu man gyaɗa muke sawa.

Tinariwen_Abzin: Mu man shanu.

Maman_Biyu: Man shanu a ɗakin haya? Ɓeraye da kyankyasai za su yi maka godiya. Man kaɗe ya fi, ba ya saurin yin wari.

Baduku_Adar: Kowa da hannun da ya koya. Gobe Lahadi kasuwat Tawa na ci, majeman Tamaske na kawo kaya. In na ishe ƙirgi wanda ya jemu har ciki ni sa hoto nan. Wanda ka so shi yi magana da wuri, kahin motar Yamai ta tashi.